Wai Yaushe Ne Goben? Lissafin Shekarun Sadaukan Mujallun Zane

Jama'a, shekarar 2013 ta zo ta wuce lafiya lau. Ba mu ji an ce wasu ƙattin mutum-mutumin ƙarfe sun kame Amurka ba, ba mu kuma ga an tattara mutane a sansani an ɗaura masu ƙarfe a wuya ba. Alhali kuwa haka aka ce mana za a yi. A farkon 1981 ne marubuci Chris Claremont da mai zane John Byrne suka fitar da labarin nan mai suna Days of Future Past a mujallar zane ta X-Men, fitowa ta 141 da ta 142, kuma ƙarara suka rubuta cewa a 2013 abin zai faru. A lokacin shekara 32 ce a tsakani. Wa ya yi zaton za a ci gaba da sayen X-Men har ranar ta zo?

Na san da yawanku a fim kuka san labarin, wanda Bryan Singer ya ba da umarni, ya fito a 2014. To ku lura da wayon masu fim. Da suka ga 2013 ta riga ta shige, sai suka matsar da masifar zuwa 2023. Ita ma ga shi ta wuce. Sannan a mujalla ba Wolverine aka tura baya ba, Kitty Pryde ce. Tana babbar mace a 2013 aka mayar da hankalinta cikin jikinta na 1980, lokacin tana 'yar shekara 13, don ta hana Mystique da mutanenta kashe Sanata Robert Kelly. A fim kuwa 1973 aka koma, lokacin ba a ma haifi Kitty ba, shi ya sa aka ɗora wa Hugh Jackman aikin. Ko da yake dai, tsakani da Allah, ko an haife ta shi za su tura, don shi ke kawo kuɗi.

Ni aikina rahoton fim ne, amma tun ina foliteknik nake da wata jaraba: ba na jin daɗin labari in ban san me ya riga me ba. Mu nan in jaruma ta fito daga ɗaki da jan ɗankwali ta shiga falo da shuɗi, masu kallo ba sa barin darakta ya yi barci. To ina ga labarin da marubuta daban-daban suka shekara sama da sittin suna miƙa wa juna? Da na fara bin asalin finafinan nan a mujallunsu, sai na samu dogon littafi irin wanda 'yan kanti ke rubuta bashi, na ja layi uku. Layin farko shekarar da aka buga labari, na biyu shekarar da labarin ya ce yana faruwa, na uku kuma tazarar da ke tsakani. Nufina in jera duk labaran da suka shafi nan gaba, daga na kusa zuwa na nesa, su zama tarihi guda ɗaya wanda zan iya karantawa a jere.

Na kamfanin Marvel na fara. Deathlok, sojan da aka haɗa gawarsa da na'ura, an buga shi a 1974, labarinsa a 1990. Killraven an buga shi a 1973, yana yaƙi a 2018 da halittun duniyar Mars da suka ci duniyarmu da yaƙi tun 2001. Akwai wani Iron Man 2020, Arno Stark, da ya fara fitowa a 1984. Sai Spider-Man 2099, wato Miguel O'Hara, wanda Peter David da Rick Leonardi suka ƙirƙiro a 1992, shi ne ɗan zafin kan nan da Oscar Isaac ya yi wa murya a Across the Spider-Verse na 2023. Can nesa kuma akwai Guardians of the Galaxy na asali, na 1969, waɗanda labarinsu ya fara a shekarar 3007. Ba su Star-Lord da Groot da kuka sani ba ne, waɗannan ƙungiyar 2008 ce. Yondu dai ɗan asalin ne.

Abin da ya ba ni ƙarfin gwiwa shi ne ba ni kaɗai na taɓa wannan ƙoƙari ba. Tun 1975 marubuci Steve Gerber ya sa ɗaya daga cikin Guardians ɗin, Vance Astro, ya zauna ya zayyana tarihin duniya tun daga ƙarshen ƙarni na 20, ya saka mamayar Mars ta 2001 a ciki, ya ɗinke labarin Killraven da nasu. Shi kansa Vance abin tausayi ne. Ɗan sama-jannati ne da ya bar duniya a 1988, ya yi tafiyar shekara dubu yana barci, da ya isa sai ya tarar 'yan'adam sun daɗe da zuwa wurin, don bayan tafiyarsa an ƙera jiragen da suka fi nasa gudu nesa ba kusa ba. Kun ga wahalar banza kenan.

To amma ba a nan gizo ke saƙar ba. Kalanda ba ta jiran kowa. 1988 ta matso, 1990 ta matso, kuma su Spider-Man na nan suna ta harkokinsu a Niyok, babu alamar wata mamaya. Dalili kuwa shi ne Marvel na da wata dabara da ba sa faɗa da babbar murya: jarumansu ba sa tsufa daidai da mu. Peter Parker yana ɗan sakandare gizo ya cije shi a 1962. In da lissafinmu ake bi, da yanzu yana dogara sanda. Maimakon haka sai suka riƙa jan farkon labarin yana biyo mu a baya, kullum ana ɗauka cewa shekara goma sha wani abu ne kawai da fara komai. Shi ya sa Tony Stark, wanda a 1963 a Biyetnam ya ji rauni, a fim ɗin Robert Downey Jr. na 2008 sai ga shi a Afganistan. Captain America da aka ciro daga ƙanƙara a 1964 bai cika shekara 20 a ciki ba, amma a fim ɗin 2011 an ce ya kusa 70. Kowace shekara barcinsa ƙara tsawo yake yi. Akwai yaro Franklin Richards, ɗan shugaban Fantastic Four, an haife shi a 1968, ya yi kusan shekara hamsin yana yaro.

Yanzu ku haɗa biyun. Jiya tana zamewa, amma gobe an kafa mata lamba. Kitty mai shekara 13 a 1980 ya kamata ta zama 46 a 2013. Da 2013 ta gaske ta zo, a mujallun wannan shekarar Kitty matashiya ce tana koyarwa a makarantar X-Men. Layina na uku ya tashi daga lissafi ya koma abin dariya.

Mafitar da Marvel suka samo ita ce reshe. Duk sanda wani ya koma baya ya taɓa wani abu, zamani sai ya rabu biyu, kowanne ya kama gabansa. A 1980 sun sa Vance Astro ya gamu da kansa yana yaro, gamuwar ta sa yaron bai zama ɗan sama-jannati ba, shi kenan tarihin Guardians ya balle ya zama na wata duniya. Daga baya ma har lamba aka ba kowace: babbar duniyar labarin 616, ta Days of Future Past 811, ta Miguel 928, ta Guardians da Killraven 691. Ga mai son jerantawa irina wannan sauƙi ne, sai dai in buɗe wa kowace shafinta. Amma ku tsaya ku yi tunanin abin da hakan ke nufi ga labarin. Kitty ta hana kisan Sanata, ta ceci wata duniya, tata kuwa tana nan yadda ta bar ta. Wolverine da mutum-mutumi ya ƙone ƙurmus a fitowa ta 142 ya mutu ne yana kare aikin da ba zai amfani kowa a garinsu ba. Abin yana ci mani rai. Sai dai in yi wa Claremont adalci, ya san zafin kuma ya yi aiki da shi. A 1984 ya dawo da Rachel, yarinyar da ta tura hankalin Kitty baya, ita ma ta tsallako zamaninmu. Ta zo ta tarar Jean Grey, wadda ita ce uwarta a can, ta mutu tun ba ta haife ta ba, ubanta Cyclops kuma ya auri wata. Wato a nan ba za a taɓa haihuwarta ba. In kuna neman labari mai sa ƙwalla, to ga shi.

Kamfanin DC kuwa wata hanya suka bi, kuma a nan ne kaina ya fi ɗaukar zafi. Suna da ƙungiyar samari da 'yammata mai suna Legion of Super-Heroes, da Otto Binder da Al Plastino suka fara a Adventure Comics fitowa ta 247, a 1958. Su ba sa tsoron kalanda, don kullum shekara dubu suke gabanmu. Muna ƙarni na 20 suna na 30, da muka shiga na 21 suka koma na 31. Sai mutum ya ce ai waɗannan sun tsira. Ina!

Tushen labarinsu shi ne sun karanta tarihin Superboy, wato Superman yana yaro, ya burge su, suka kafa ƙungiya don koyi da shi, har uku daga cikinsu suka dawo zamaninsa suka gayyace shi. A kan haka aka gina labarai na kusan shekara talatin. Sai a 1985 zuwa 1986 DC suka yi gagarumin sabon lale mai suna Crisis on Infinite Earths, aka kuma ba John Byrne, shi dai wancan na X-Men, ya sake rubuta tarihin Superman daga tushe. Byrne ya ce Clark Kent bai taɓa sa kayan jarumta ba sai da ya girma. Babu Superboy kenan. To wa 'yan Legion suka yi koyi da shi? Wane ne yaron da suka shekara da shekaru suna yaƙi kafaɗa da kafaɗa da shi? An cire tubalin ƙasa an bar bene a tsaye.

Nan aka shiga gyaran gangar Auzinawa. A 1987 aka ce ai wani mugu mai suna Time Trapper ne ya ƙirƙiri wata 'yar ƙaramar duniya ta bogi, ya saka Superboy a ciki, duk sanda 'yan Legion suka yi niyyar zuwa zamaninmu sai ya karkatar da su can. Aka kashe wannan Superboy ɗin a shekarar. Ba a jima ba aka ce a'a, a share shi gaba ɗaya, wani jarumi Mon-El da aka sake wa suna Valor shi ne abin koyin. Supergirl ma da Brainiac 5 ke so an shafe ta, sai aka ƙirƙiro wata mai suna Laurel Gand aka cusa a gurbinta. Da abin ya ƙi ɗinkuwa, a 1994 aka rushe Legion ɗin kacokan aka faro sabuwa. A ƙarshen 2004 Mark Waid da Barry Kitson suka sake faro wata. A 2007 aka dawo da ta asali. A 2008 Geoff Johns da George Pérez suka tara duka ukun a labari ɗaya, Legion of 3 Worlds, inda za ka ga Brainiac 5 har uku a shafi guda suna musu da juna. A 2019 Brian Michael Bendis ya zo da tasa. Mai karatu, in wani ya ce maka ya karanta Legion, tambayar farko ita ce wacce daga ciki?

Abin da ya sa nake jin haushin wannan rushe-rushen shi ne Legion ta asali ta taɓa yin wani abu da ban ga irinsa ba. Wani yaro Jim Shooter, yana ɗan shekara 14 aka fara buga labaransa a 1966. A 1967 ya kashe ɗaya daga cikin jarumansa, Ferro Lad, wanda ya rungumi bam ya shiga cikin wani dodo mai cinye rana don ya ceci duniya. Fitowa ta gaba sai Shooter ya tsallaka gaba, ya nuna 'yan Legion sun girma, wasu sun yi aure, ya kuma nuna zauren da aka jera gumakan tunawa da waɗanda suka mutu. Cikinsu har da sunayen da masu karatu ba su taɓa ji ba, kamar Chemical King. Wato goben gobe kenan. Daga baya Chemical King ya shigo ƙungiyar, kowa na kallonsa ya san ƙarshensa. Shekara goma cur ana jira, sai a 1977 ya mutu yana hana ɓarkewar yaƙin duniya na bakwai, kamar yadda aka rubuta a jikin gunkinsa. Wannan shi ne amfanin jeranta tarihi: marubuci ya ɗauki alkawari, wani marubucin ya zo ya cika. Amma alkawari nauyi gare shi, ya ɗaure hannun masu rubutu, don haka a 1983, a fitowa ta 300, Paul Levitz ya ce wancan hangen ɗaya ne kawai cikin abubuwan da ka iya faruwa. Bayan sabon lalen 1994 kuwa sai ga wani Ferro da ransa, aka sake kawo dodon rana a 1996, wani daban ya yi sadaukarwar. Wanda ya yi kukan 1967 fa, wa zai biya shi?

Sauran na DC ba su ba ni wahala sosai ba, don yawancinsu sun ƙi faɗin shekara. The Dark Knight Returns na Frank Miller, 1986, cewa kawai ya yi Batman ya kai 55, ya shekara goma da ajiye aiki. Amma ko bai faɗa ba shafukan sun tona shi: shugaban Amurka kamarsu ɗaya da Ronald Reagan, kuma Tarayyar Sobiyat na nan da makamanta. Shekara biyar bayan buga shi Sobiyat ta wargaje. Goben Miller ashe 1986 ce aka sa wa furfura. Haka in ka duba 2099 ta Marvel, manyan kamfanoni irin Alchemax ne ke mulkin gari har da 'yan sandansu, abin da Amurkawan farkon shekarun 1990 ke fargaba kenan. Tun daga nan na fi amincewa da layina na farko a kan na biyu. In na ɗauki labari yanzu, shekarar bugu nake fara dubawa, ita ke gaya mani me marubucin ke tsoro da kuma wane sabon lale ne ya riga shi.

Akwai dai wanda ya yi lissafi don nishaɗi, kuma ya burge ni. A 1998 Grant Morrison ya rubuta DC One Million, ya kai labarin shekarar 85,271. Ba da ka ya zaɓe ta ba. Superman ya fara fitowa a Action Comics a watan Yuni na 1938. In ana buga ta wata-wata ba fashi, fitowa ta miliyan ɗaya za ta zo bayan shekara 83,333 da 'yan watanni. Ku tara da 1938 ku gani. Na danna a kalkuleta, ya fita daidai. Wannan kam babu kalandar da za ta cim masa muna raye.

Shafi ɗaya ne kacal a littafina da layi uku suka zauna lafiya tun daga sama har ƙasa, kuma ba na Amurka ba ne. Judge Dredd ne, na Ingila, wanda John Wagner da Carlos Ezquerra suka ƙirƙiro. Na san wani zai ce ai shi ba ya tashi sama, ɗan sanda ne kuma alƙali, amma ku bar ni da shi. Kun san shi a fim ɗin Sylvester Stallone na 1995 da na Karl Urban na 2012. Mujallar da yake fitowa sunanta 2000 AD, an sa mata sunan a 1977 don ana ganin 2000 ta yi nisan da ba za ta kai ba, sai ga shi ta wuce ta da shekaru tana fitowa duk mako. Labarin Dredd ya fara a 2099, kuma ƙa'idarsu ita ce in shekara ta wuce a nan, ta wuce a can. Tazarar 122 ce, ba ta canzawa. Yaƙin da aka buga a 1982 ya faru a 2104, ya kashe rabin mutanen birnin Mega-City One, daga miliyan 800 suka koma 400, kuma ba wanda ya zo daga baya ya ce mafarki ne. Annoba da tarzomar da aka buga a 2012 ta faɗo a 2134, ta ci wasu miliyan 350. Yaran da aka gani suna makarantar horon alƙalai sun girma sun zama manya a aikin.

Shi kansa Dredd da ya fara yana da shekara 20 a bakin aiki, yanzu ya haura 70 da haihuwa. Mutumin da a labaran farko ba ya tambayar doka ko sau ɗaya, shi ne a labaran 2007 ya tsaya kai da fata sai an soke dokar da ta hana masu nakasar halitta shiga birnin, kuma ya jawo wa kansa baƙin jini a kan haka. In kana son sanin shekarar da yake ciki a fitowar wannan makon, ɗauki kalandar da ke bangon ɗakinku ka ƙara 122.